Igwar Jamus ta zamanin mulkin mallaka: wacce za ka saya, wane fenti ya dace da ita

Igwar da ta fi yawa a kasuwar ƙananan sojojin wasan yaƙi, in ana maganar Jamus kafin 1918, ita ce FK 96 n.A., wato sabuwar ƙirar FK 96, mai bakin santimita 7.7. Kusan duk kamfanin da ke zuba sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya yana da ita, ta roba ko ta ƙarfe, kuma ba ta da tsada. Shi ya sa ita ke fara faɗawa hannun mai haɗa rundunar Schutztruppe, wato sojojin da Jamus ta ajiye a ƙasashen da ta mallaka a Afirka. Sai dai gidan wannan igwa fagen Turai ne. Ka ɗora ta a teburin da ke kwaikwayon Garwa ta Kamaru ko Tanga ta Gabashin Afirka, da garkuwarta da na'urar tare zaburarta, duk wanda ya san tarihin yaƙin zai gane an yi aron hannu. Kafin yaƙin, Jamus ba ta tura sabbin makamanta Kamaru da Gabashin Afirka ba. Abin da ke can tsoffin igwoyi ne da aka sallama daga sojan gida, da ƙanana masu sauƙin ɗauka, sai waɗanda aka ciro daga jiragen ruwa.

Don haka a fara da fage, a zo kan igwa daga baya. Fage uku ne ke da manyan bindigogin da suka isa a yi magana a kansu: Kudu maso Yammacin Afirka, wadda ita ce Namibiya a yau, Gabashin Afirka, wato Tanzaniya da Ruwanda da Burundi, sai Kamaru. Togo 'yan sanda kawai gare ta, waɗanda aka fara ɗiba daga cikin Hausawa a 1885, kuma yaƙinta ya ƙare tun cikin Agustan 1914.

Tsohuwar C/73

Kamfanin Krupp ne ya ƙera ta, ta shiga aiki a 1873, kuma iri biyu ce: mai sauƙi da ake kira ta santimita 8, da mai nauyi da ake kira ta santimita 9. A ido kusan kamarsu ɗaya, balle a ƙaramin mutum-mutumi, saboda haka guda ɗaya tana iya tsaya wa duka biyun. Alamominta ba sa ɓuya. Ba garkuwa, ba na'urar tare zabura a ƙarƙashin bututu, ƙafafunta dogaye na katako masu ɗaurin ƙarfe, sannan ga kujeru biyu a kan gatarin ƙafafun, ɗaya a kowane gefen bututu, inda sojoji ke zama in ana tafiya. In ka ga an sayar maka da C/73 ba kujerun nan, ka duba hoto da kyau kafin ka biya.

Ita ce ta fi kowace faɗin amfani. Tana nan a Gabashin Afirka lokacin da yaƙi ya tashi a 1914, kuma 'yan igwar da Jamus ta girke a Duwala irinta suke riƙe da ita. Da igwa ɗaya da tawagar sojoji biyu, ɗaya askarawan Gabas, wato sojojin Jamus 'yan Afirka, ɗaya sojojin Kamaru, ka sami abin wasa a fage biyu. Haɗa ta ma ba wuya: bututu, keke, ƙafa biyu, kujeru. A teburi kuwa tana da hali nata. Duk harbi sai ta zabura baya da jikinta gaba ɗaya, sai an turo ta an sake saiti, don haka a dokar wasa ya kamata harbinta ya yi ƙasa da na igwa mai na'ura, ko da rabi ne. Wanda ke fara tara kaya kuma kuɗinsa na igwa ɗaya ne, wannan ya kamata ya ɗauka.

Igwar dutse ta 7.5 da FK 96 ta farko

Waɗannan na Namibiya ne. Igwar dutse ta santimita 7.5, samfurin 1908, ƙirar Ehrhardt, guda 12 aka kai wa rundunar can. Nauyinta ya ɗan haura rabin tan, ana wargaza ta a ɗora wa alfadarai, kuma tana da garkuwa da na'urar tare zabura, wato ta zamani ce sosai a lokacinta. Ta yi aiki a yaƙin Sandfontein na 26 ga Satumban 1914, inda Jamusawa suka ritsa da sojojin Afirka ta Kudu, har zuwa miƙa wuya a Khorab cikin Yulin 1915. Da yawa daga cikinsu suna nan a Afirka ta Kudu har yau, abin da ya sa hotunanta na kusa suka fi na sauran samuwa.

Ga mai fenti, ita ce ta fi daɗin aiki kuma ta fi ban haushi. Daɗin shi ne garkuwar tana ba da fili a nuna ƙura da ƙarzuwa. Haushin shi ne ƙanƙantarta: bututun L/17 ne, ma'ana tsawonsa ninki 17 na faɗin bakinsa, kimanin santimita 128, wanda a ma'aunin sojoji masu tsayin milimita 28, kusan kashi 1 cikin 56, bai wuce santimita 2.3 ba. Garkuwar ƙarfe a wannan girma takan fito da kauri kamar ƙofar kurkuku. Gyaran shi ne a goge gefunanta da magagari daga ta baya har su yi siriri, tsakiyar a bar ta yadda take don kada ta lanƙwashe.

Wanda ke son shekarun 1904 zuwa 1908 kuwa, igwarsa FK 96 ce ta farkon ƙira, marar garkuwa, marar na'ura. Ba a cika samunta a kasuwa ba, kuma cire garkuwar sabuwar ba ya mayar da ita tsohuwa, domin akwatin na'urar da ke ƙarƙashin bututu yana nan, kekenta ma daban. A Waterberg, ranar 11 ga Agustan 1904, Janar Lothar von Trotha na Jamus ya jera igwoyi kusan 30 a kan ƙabilar Herero, kuma abin da ya biyo baya kisan ƙare dangi ne da ita kanta Jamus ta amsa a 2021. Masu wasa da dama kan tsallake wannan zango su koma 1914 da 1915, inda soja ke fuskantar soja. Wannan ma dalili ne na fifita igwar dutsen a kan FK 96.

Igwar Königsberg

Kowa ita yake sha'awa, kuma ita ce ya kamata a saya daga ƙarshe. Bayan da Ingila ta ragargaza jirgin yaƙin Jamus Königsberg a bakin kogin Rufiji ranar 11 ga Yulin 1915, Jamusawa sun ciro igwoyinsa goma masu bakin santimita 10.5. An girke wasu a Darussalam, wasu a Tanga da Kigoma da Mwanza, an ɗora ɗaya a jirgin Graf von Götzen a tafkin Tanganyika, jirgin da daga baya ya koma MV Liemba. Kekunan da aka ja su a kai ba iri ɗaya ba ne. Wasu an ƙaga su a ma'aikatar jirgin ƙasa ta Darussalam da abin da aka samu, wasu kuma ƙirar Krupp ne da jirgin Marie ya shigo da su a 1916 bayan ya sulale wa shingen Ingila. Saboda haka kafin ka sayi samfuri sai ka san wacce kake nufi da kuma wace shekara: keken Krupp ba shi da wuri a wasan 1915. Uku sun tsira har yau, a Pretoria da Mombasa da Jinja.

Matsalarta a teburi lissafi ne. Bututun L/40 ne, mita 4.2, wato santimita 7.5 a ma'aunin 28, kuma da wutsiyarta tana cin gindi mai tsawon santimita 12 ko fiye. Harbinta yana kai kilomita 12. In santimita ɗaya a teburinka mita goma ce, teburi mai tsawon santimita 180 bai kai kilomita biyu ba, ke nan a gaskiyar lamari wannan igwa tana can bayan bangon ɗakin da kuke wasa. Inda take da amfani shi ne a mayar da ita abin da ake faɗa a kansa: an girke ta a tudu ana ƙoƙarin ƙwace ta, ko ta maƙale a hanya 'yan dako na fama, ko ana neman minti goma a fasa gindinta kafin abokan gaba su iso, kamar yadda Jamusawa suka yi wa ta Kahe a Maris ɗin 1916. Ga mai son alaƙa da gida, rundunar Najeriya ta isa Gabashin Afirka a ƙarshen 1916 ƙarƙashin Janar Cunliffe na Ingila, ta kuma sha wuya a Mahiwa cikin Oktoban 1917.

Ƙananan kuma, wato mai bututu biyar ta santimita 3.7 da ake juya wa hannu da igwar santimita 6 da sojojin ruwa ke sauka da ita tudu, su ne suka dace da wasan 'yan sojoji ashirin zuwa arba'in. Mutane ke jan su da igiya, gindin milimita 40 zuwa 50 ya ishe su, kuma ba sa cinye wasa. Su ne na biyu a saye bayan C/73.

Arewacin Kamaru

Wanda zai buga yaƙin Binuwai ya rage buri a kan igwa. A Janairun 1902, kusa da Marwa, bindigar mashinga ce hafsan Jamus Hans Dominik ya karya mahayan Lamiɗo Zubairu na Adamawa da ita. Abin lura ma, a Yola cikin Satumban 1901 Zubairu ne ke da igwoyi biyu da Mizon Bafaranshe ya ba shi, ya kuma harba wa sojojin Ingila su. A 1914 ayarin da ya taso daga Yola ya afka wa ganuwar Garwa a ƙarshen Agusta, ya sha kashi, kwamandansa Maclear ya mutu a wurin. Da aka dawo a 1915, abin da ya karya Garwa ranar 10 ga Yuni manyan bindigogin masu kai hari ne: igwar jirgin ruwa da Ingila ta hauro da ita ta Binuwai, da ta Faransa mai milimita 95. Hafsan Jamus Ernst von Raben kuwa ya riƙe dutsen Mora har 18 ga Fabrairun 1916. Ma'anar wannan ga aljihunka: ƙaramar igwa ɗaya da mashinga biyu sun ishi ɓangaren Jamus, sauran kuɗin a sa a igwar dutse ta inci 2.95 ta rundunar Najeriya da 'yan dakonta. Kada a manta da 'yan dakon. A yankunan ƙudan tsando doki da alfadari ba sa rayuwa, kan mutane ne motar igwa, kuma mutum shida zuwa takwas ɗauke da akwatunan harsashi sun fi keken doki gaskiya.

Girma da abin da aka zuba ta da shi

A milimita 28, kusan kashi 1 cikin 56, ake samun mafi yawan askarawa da Jamusawan mulkin mallaka. Kamfanonin Copplestone Castings da Brigade Games duk suna da su. A nan ake ganin kujerun C/73 da launin bakin malafa. A milimita 15, kashi 1 cikin 100, bututun Königsberg ya dawo santimita 4.2, teburi ya yi faɗi, kuma bambancin igwa da igwa ya koma garkuwa ko rashinta da tsayin ƙafa. Ma'aunin 1 cikin 72 shi ne mafi araha saboda roba, amma a can ne tarkon FK 96 n.A. ya fi kama mutane. Hanyar gwada duk samfurin da aka ce maka na ma'auni kaza ne: ninka faɗin baki da lambar L, ka raba da ma'aunin, ka ɗora rula. In ya kauce da fiye da kashi goma cikin ɗari, zai yi wa sojojinka girma ko ƙanƙanta.

Farin ƙarfe, gaurayen kuza wani lokaci da dalma, yana da nauyi kuma yana jure hannu, amma gatarinsa kan buɗe ƙafafu su yi gwame. Rezin da bugun 3D sun fi fitar da ƙusoshi da siririyar garkuwa, sai dai sandunan ƙafa na karyewa kamar taliya busasshiya, kuma dogon bututu kan lanƙwashe in an bar shi a mota ko kusa da taga lokacin bazara. In na rezin ɗin zubi ya lanƙwashe, a tsoma shi a ruwa mai zafin kusan digiri 60 na rabin minti, a miƙar, a jefa a ruwan sanyi. Igwar da za a riƙa wasa da ita kowane mako gara ta ƙarfe. Königsberg, da yake ta ado ce, rezin ya fi mata.

Hoto yana ruɗi

Hotunan zamanin suna nan da yawa a intanet, musamman a Bundesarchiv, taskar adana tarihi ta gwamnatin Jamus, da tarin hotunan mulkin mallaka na ɗakin karatun jami'ar Frankfurt. Amma fim ɗin lokacin ba ya ganin launi yadda ido ke gani. Ja yakan fito kusan baƙi, rawaya ya yi duhu, shuɗi kuma ya yi haske. Shi ya sa jar darar sojan Kamaru ke fitowa baƙa ƙirin a hoto, keke mai shuɗin fenti kuma ya yi kamar fari-fari, har mutum ya ɗauka ruwan ƙasa ne. Ka nemi abin da ka san launinsa a cikin hoton, dara ko farar riga, ka auna sauran da shi. Igwoyin da ke gaban gidajen tarihi kuwa a ɗauki siffa daga gare su, a bar launi, don an sha sake musu fenti.

Sojan Firusiya ya daɗe yana shafa wa keken igwa shuɗi mai toka-toka, ƙarafan jiki baƙi, kafin a koma toka mai ɗan kore da ake kira feldgrau a shekarun da suka gabaci 1914. Ke nan C/73 ta wasan 1890 zuwa farkon 1900 shuɗin ya dace da ita: fentin kamfanin Vallejo mai lamba 70.965 (shuɗi mai duhu) kashi ɗaya, toka mai haske kashi biyu, bututu 70.862 (baƙi mai toka) a ɗan goga masa 70.863 (launin ƙarfe) a gefuna. Igwar dutse ta 1908 da duk abin da aka yi wa sabon fenti dab da yaƙi, 70.830 (feldgrau) da ɗigon 70.819 (launin yashi) don ya nuna cin rana. Königsberg tokar jirgin ruwa a bututu, keke ya fi duhu. In C/73 ɗaya za ta yi maka zamani biyu, zaɓi tokar ka yawaita ƙura.

Sojojin da ke kanta su ke faɗin inda take. Kowace ƙasa da launinta a bakin malafar toka ta Jamusawa, wadda ake naɗe gefen damanta sama: fari Gabashin Afirka, shuɗi Namibiya, ja Kamaru. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kai wannan launi kan rigar kaki. Siririn layin rigar kaki ta Bajamushe shuɗi ne a duka ƙasashen. A Namibiya sojojin Turawa ne, da kayan kodiroi ruwan ƙasa mai toka, don haka askari a kan igwar dutse ta 1908 kuskure ne. Askarin Gabas kaki ne, da hula mai rufin kaki da labulen ƙeya, da naɗin ƙwauri shuɗi mai duhu. Na Kamaru jar dara mai tuntu. Königsberg kuwa ma'aikatan jirgin ne ke harba ta.

Aikin hannu

A wanke sassan da sabulu da ruwan ɗumi da tsohon buroshin haƙori, don man da ake shafa wa mazubi yana hana fenti kamawa; shi ne dalilin da fenti ke ɓarewa fale-fale bayan mako biyu. A kankare layin zubi, na rezin a goge shi da jiƙaƙƙiyar takardar yashi saboda ƙurarsa ba ta shaƙuwa, kuma a wanke hannu bayan taɓa ƙarfe mai dalma. A huda gatari da cibiyar ƙafa da ɗan mahuji na milimita 0.8, a sa guntun wayar tagulla. Wannan minti biyar ɗin ne ke hana gwame. A gwada haɗawa ba gam, a tabbata ƙafa biyu da ƙarshen wutsiya duk sun taɓa ƙasa, sannan a cire ƙafafun a soke su a tsinken sakace a yi musu fenti daban, garkuwa ma haka. Wanda ya manne komai tun farko ba zai kai buroshi bayan sanduna ba.

Fentin share fage a fesa daga nisan santimita 20 zuwa 25, shafi biyu marasa kauri. Da tsakar rana a lokacin zafi ko hunturu, feshin kan bushe a iska kafin ya sauka, jikin igwa ya yi gautsi kamar yashi. A yi da sassafe a inuwa. Fentin ruwa a sirka shi kashi biyu da ruwa kashi ɗaya, a ajiye a kan takardar gashi da aka shimfiɗa bisa jiƙaƙƙen soso, in ba haka ba iskar hunturu za ta busar da shi kafin ka gama ƙafa ɗaya. Bayan shafi biyu, a zuba sirkakken ruwan ƙasa mai duhu a lunguna da kewayen ƙusoshi kawai. In aka malala shi a kan garkuwa zai bushe da tabo zagaye-zagaye. Sai a ɗauki buroshi kusan busasshe da launin da ya fi na jiki haske, a shafa gefuna. Ɗaurin ƙafa a yi shi ƙarfe mai duhu, a goga bakin fensir a tsakiyarsa ya yi ƙyallin abin da ke birgima. Tsatsa kaɗan ƙwarai: 'yan igwa kullum cikin goge-goge suke, ƙura ce ke kama musu kaya.

Sufa-gulu a ɗiga da tsinke. In ya yi yawa, musamman da damina, tururinsa kan bar farin hazo a kan fentin da ka gama. Banish marar ƙyalli ma haka yake yi in an fesa cikin laima. In ya yi fari, shafin mai ƙyalli da buroshi yakan dawo da launin, a bari ya kwana, a sake marar ƙyallin ranar da gari ya bushe. A rufe aikin da kwali yayin bushewa saboda ƙura.

Gindin C/73 a ma'aunin 28 ya zama milimita 50 a 70, na igwar dutse zagaye mai 50 ko 60. Sojojin huɗu a bar su a nasu gindin na milimita 25 don a riƙa cire wanda ya faɗi. Ƙasar Namibiya yashi mai haske da tsakuwa, ta Garwa ruwan ƙasa mai toka da busasshiyar ciyawa, ta Mora manyan duwatsu, ta kudancin Kamaru da sassa da yawa na Gabas ja. Launin da ka sa a ƙasa shi za ka sirka sosai ka shafa a rabin ƙafafu na ƙasa da ƙarshen wutsiya. A bayan ƙafafun C/73, tun gam ɗin ƙasar bai bushe ba, ka ja layi biyu masu tsawon santimita biyu zuwa uku da bayan wuƙa, sawun zaburar da take yi duk harbi.